Bugun Taku Ɗaya Da Ke Kayar Da Gwanaye

A 1970, a filin St Andrews da ke Sikotland, ɗan wasan golf na Amurka Doug Sanders ya iso rami na ƙarshe a gasar Open, ƙwallonsa bai fi taku ɗaya da ramin ba. Yana jefa shi, kofi nasa ne. Sai ƙwallon ya kauce. Washegari aka sake karawa, Jack Nicklaus ya doke shi da bugu ɗaya tak.

A golf, mai ƙarancin bugu ke cin wasa, kuma bugun da ya yi mita 250 da na taku ɗaya duk ɗaya ake ƙirga su. Ramin kuwa faɗinsa santimita 10.8 ne kacal.

Filin golf yana can cikin birnin Kano, amma wannan gajeren bugu, mu a ganinmu, ɗalibin Madadi ko Kabo zai iya koyonsa a tsakar gida. A share wuri, a yayyafa ruwa, a daɓe, a binne gwangwani bakinsa daidai da ƙasa. Kafinta ya kafa guntun katako mai lafiyayyar fuska a ƙarshen sanda. Tsohon ƙwallo ɗaya ya wadatar.

Ku fara da atisayen ƙofa, wanda aka san Tiger Woods da shi. A kafa ƙusa biyu a gefe da gefen ƙwallon, tsakaninsu ya ɗan fi kan sandar faɗi. Kan sandar ya ratsa ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba. In ya taɓa, hannu ya karkace. Kafaɗu ne ke lilo, wuyan hannu ba ya motsi. Kada ku ɗaga kai don leƙen ƙwallon. Ku jira kunne ya ji ƙarar gwangwani.

Wanda ya fi burge mu shi ne na Phil Mickelson: yakan kewaye ramin daga nisan taku ɗaya, sai ya jefa 100 a jere, in ya kuskure ɗaya ya koma farko. Ku goma ta ishe ku. Bakwai na farko wasa ne. A na tara za ku ji tafin hannu ya jiƙe, musamman in abokai na tsaye suna ƙirgawa da ƙarfi, kuma saboda wannan fargaban ake yin atisayen, don shi ma sai an saba da shi.

Ku auna bayan ramin.