2.3 Ra'ayin John Locke Kan Dangantakar Kalma da Ma'ana

A wannan fasali za a duba ra'ayin da aka ɗora nazarin ma'anar kalmomi a Hausar Kurya Madaro a kansa, wato ra'ayin John Locke (1632-1704), masanin falsafa ɗan ƙasar Ingila. Locke ya bayyana wannan ra'ayi a cikin littafinsa mai suna An Essay Concerning Human Understanding (1690), wanda ya kasa gida huɗu. Kashi na biyu ya yi magana a kan yadda tunani ke samuwa, na uku kuma a kan kalmomi.

A ganin Locke, ba a haihuwar mutum da sanin komai. Zuciyar jariri tamkar farar takarda ce, ko allon da ba a taɓa rubutu a kansa ba. Duk abin da zai sani yana shigowa ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce gani da ji da shaƙa da ɗanɗano da taɓawa. Ta biyu kuwa ita ce lura da mutum kan yi da ayyukan zuciyarsa, kamar shakka da nufi da tunawa. Abin da ya zauna a zuci ta waɗannan hanyoyi shi za a riƙa kira "sura" a wannan aiki. Surori iri biyu ne: sassauƙa, kamar zaƙi ko ja, da kuma harɗaɗɗa, wadda zuciya ke ginawa daga sassauƙan.

Daga nan Locke ya ce kalma alama ce ta surar da ke cikin zuciyar mai magana, kuma babu wata alaƙa ta halitta tsakanin sautin kalma da abin da take nufi. Al'umma ce ta amince da ita. Karin harshen wannan yanki yana ƙarfafa wannan batu. Abin da Bakano ke kira "toka", dattawan ƙasar Zamfara da Sakkwato kan ce "habɗi". Sura ɗaya ce, sauti biyu. Akasin haka kuma, "kwana" a wannan kari tana ɗaukar ma'anar barci, har a ce yaro yana kwana alhali rana tsaka ce, abin da zai rikita wanda bai saba ba.

Haka nan ra'ayin yana bayyana yadda sabon suna ke samuwa. Lokacin da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, mutanen yankin sun ga sabon abu, amma sunansa an gina shi ne daga tsofaffin kalmomi biyu, "jirgi" da "ƙasa". Locke ya ƙara da cewa kalmomin da suka shafi ɗabi'a da al'ada su suka fi wuyar fassara, domin kowace al'umma ita ke harhaɗa surorinsu. Kalmomi irin su "kara" da "gayya" misalai ne, don kuwa babu kalma guda ta Ingilishi da za ta ɗauke nauyin kowacensu.

Sai dai wannan ra'ayi bai kuɓuta daga suka ba. George Berkeley (1710) ya musanta cewa zuciya na iya riƙe sura ta gama-gari, misali surar doki wanda ba fari ba, ba baƙi ba, ba dogo ba, ba gajere ba. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan girma. Idan ma'ana tana ɓoye a zuciyar kowa, ta yaya Bazamfare da Bakano ke ƙulla ciniki a kasuwar Shinkafi har kowa ya tafi da gamsuwa? Locke ya jingina amsarsa ga yadda jama'a suka saba amfani da kalma, wanda hakan ya nuna ma'ana ba mallakar mutum ɗaya ba ce.

Bisa ga wannan, an ɗauki ra'ayin Locke a wannan aiki da sharaɗi. Ba za a yanke wa kalma ma'ana daga ƙamus kaɗai ba, ko daga bakin mutum ɗaya. Za a auna ta da yadda manoma da 'yan kasuwa da matan aure na Kurya Madaro ke amfani da ita a maganarsu ta yau da kullum, kamar yadda za a gani a babi na uku.