Yadi ko fata: Wace kujera ta fi dacewa da motar alfarma mai amfani da lantarki?

Tsawon shekaru, mai sayen motar alfarma ba ya jiran a tambaye shi irin kujerar da yake so. Fata ce, kuma ƙamshinta da ke tarbar mutum da zarar an buɗe ƙofa yana cikin abin da ya zuba kuɗinsa dominsa. Yadi kuwa an bar wa ƙananan motoci da na haya.

Zuwan motoci masu amfani da lantarki ya dagula wannan lissafi. A 2019 kamfanin Tesla na Amurka ya sanar da cewa babu sauran fatar dabba a cikin motarsa Model 3, hatta a jikin sitiyari. A shekarar ce kuma Porsche na Jamus ya fito da Taycan, wadda aka ba mai saye damar karɓarta ba tare da fata ko kaɗan ba. Bayan shekara biyu, Volvo na Suwidin ya ce sababbin motocinsa masu lantarki zalla za su riƙa fitowa babu fata, ya kuma fara da C40 Recharge.

Shi ya sa a yau wanda ya shiga wurin dillalin mota a Landan ko Houston ko Jidda yake cin karo da jerin sunaye masu daɗin ji, irin su Nordico da Veganza da Race-Tex da Nappa, ba tare da an fayyace masa abin da ke ƙarƙashin kowanne ba. Alhali zaɓi ne da ba a cika gyara shi bayan an biya kuɗi ba, kuma shi ne sashen motar da jikin mutum zai riƙa taɓawa kullum.

Da can mai gida ne ke zama a kan yadi

Ɗaukar fata a matsayin alamar arziki ba tsohuwar al'ada ba ce kamar yadda ake zato. A manyan motocin farkon ƙarni na 20, waɗanda suka gaji fasalin keken doki, direba yana zama ne a gaba, sau da yawa a buɗe, ruwa da ƙura na dukansa. Shi aka yi wa kujerar fata, saboda tana jure wahala kuma ana iya goge ta. Mai gida yana can baya a rufe, a kan lallausan yadin ulu.

Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Toyota Century, motar manyan jami'ai da attajiran Japan tun 1967, ta shahara da kujerun ulu, domin ba sa ƙara idan an motsa, ba sa ƙuna da rani, ba sa kuma daskarewa da hunturu. Motar Bentley da aka ƙera wa Sarauniya Elizabeth ta biyu a 2002, lokacin da ta cika shekara 50 a kan karaga, ita ma kujerunta na baya na yadin ulu ne.

A 2017 Land Rover ya haɗa kai da kamfanin saƙa na Kvadrat da ke Denmark, ya sa yadi mai haɗin ulu a Range Rover Velar, kuma an yi irinsa a Jaguar I-Pace mai lantarki. BMW ma yana sayar da i7 da kujerun da aka haɗa fata da ulun kashmiya, a sahun zaɓinsa mafi tsada. Saboda haka mai ganin yadi a irin waɗannan motoci ya ɗauka rowa aka yi, ya karanta tarihin a baibai.

Zaɓi uku ne, ba biyu ba

Tambayar "yadi ko fata" tana ɓoye abu na uku, wanda kuma shi ne ya fi yawa a kasuwa: kwaikwayon fata.

Fatar gaske da ake sa wa mota ta saniya ce, saboda faɗinta. Fatar jar akuyar Sakkwato, duk da sunan da ta yi a Turai tun zamanin fataken Sahara, ta yi ƙanƙanta ga wannan aiki, ta fi dacewa da jaka da takalmi da bangon littafi. Bayan jima, ana shafa wa fatar mota launi da wani siririn rufi na roba domin kare ta daga rana da datti. Ke nan a mafi yawan motoci abin da hannu ke taɓawa rufin ne, ba ainihin fatar ba. Wadda ake kira Nappa ta fi laushi, amma laushin nan ne ke sa ta saurin nuna ƙarzuwa da tamoji.

Yadin alfarma kuma yawanci haɗi ne na ulu da zaren roba, wanda ke ƙara masa ƙarfi. Akwai kuma masu gashi-gashi irin su Alcantara da ake yi a Italiya, wanda ke kama da bayan fata amma roba ce zalla.

Kwaikwayon fata shi ne yadin da aka lulluɓe da roba, aka buga masa zanen fata. Wasu kamfanoni sun rage yawan man fetur da ke cikinsa. Volvo, alal misali, ya ce yana haɗa Nordico da tsofaffin gorunan roba da sinadaran da aka samo daga dazukan Suwidin da Finland da kuma murafan kwalabe na ɓawon itace. Duk da haka roba ce ginshiƙinsa. Italiya ta kafa doka a 2020 da ta hana kiran irin wannan kaya da sunan fata. Bahaushe dai ya riga ya warware wannan da kansa, tun da kalmar "leda" da ya aro daga sunan fata a Turanci ta koma nufin roba a bakinsa.

Me ya haɗa kujera da batir?

A motar fetur, zafin da ke ɗumama fasinja kyauta ne, domin inji ne ke zubar da shi. Motar lantarki ba ta da wannan gata. Duk ɗumi da duk sanyin da ke cikinta daga batir ake ɗebo shi, wato daga cikin tafiyar da motar za ta yi kafin a sake cajin ta.

A nan kujera ke da tasiri. Na'urar ɗumama kujera ba ta cika wuce wat 100 ba, yayin da ɗumama iskar motar baki ɗaya da safiyar hunturu ke iya cin kilowat da dama. Shi ya sa kamfanonin ke shawartar direbobi su dogara da ɗumin kujera da na sitiyari. Fata da kwaikwayonta suna yin sanyi ƙalau idan mota ta kwana a waje a Manchester ko Minneapolis, sai mutum ya ƙure na'ura kafin ya sake. Ulu ba ya tsotse ɗumin jiki haka, don haka mai zama a kansa yakan wadatu da ɗumi kaɗan. Ribar ba mai yawa ba ce a kowace tafiya, amma kullum ake samun ta har hunturu ya wuce.

Batun nauyi, wanda wasu masu talla ke ambata, bai cancanci dogon tunani ba. Bambancin 'yan kilo ne a motar da ta haura tan biyu.

Wanda ya fi shi muhimmanci shi ne sauti. Da babu rugugin inji, kunne yana kama ƙananan ƙararrakin da a da ba a ji, ciki har da kukan fata idan ta gogi fata ko roba. Yadi yana shanye sauti. Ga wanda shirun motar ne ya ja hankalinsa tun farko, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Inda rana ke da ƙarfi

Ga mazauna yankin Gulf, maganar ta fi sarƙaƙiya. Saudiyya ta shiga harkar da ƙarfinta: asusun zuba jarin gwamnatin ƙasar ne ke da kaso mafi tsoka a kamfanin Lucid na Amurka, wanda ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah, arewa da Jidda, a 2023. Motar da aka ajiye a rana a irin wannan yanki, zafin cikinta zai iya haura digiri 60, kuma baƙar fata tana iya ƙona cinyar yaro.

A zahiri yadi ne ya kamata ya yi nasara a nan, domin ba ya ɗaukar zafi kamar fata, yana kuma barin gumi ya bushe. Sai dai akwai tarko. Na'urar da ke hura ko zuƙe iska ta cikin kujera, wadda ita ce babbar ni'ima a ƙasar zafi, kamfanoni da dama sun ɗaure ta da fata mai ƙananan huji. A Polestar 2, misali, sai an sayi fatar Nappa ake samun ta. Ke nan wanda ya zaɓi yadi zai iya rasa kujera mai iska, wanda ya nace wa iska kuma a tilasta masa fata. Wannan ce tambayar farko da ya kamata a yi wa dillali, kafin a kai ga launi ko laushi.

Motar lantarki tana da wata dama da ke rage matsalar: ana iya kunna na'urar sanyaya ta daga wayar salula mintuna kafin a fito, kuma idan tana jone da caja ba a taɓa batir ba. Wanda ya saba da haka, ƙunar fata ba za ta dame shi sosai ba. A ra'ayina, a ƙasar zafi da ƙura, fata mai haske mai huji da iska ta fi yadi marar iska. Idan kuwa an sami yadin da ke da iskar, shi ne a gaba.

Ƙura ma tana da nata hukunci. Tana shigewa cikin saƙa, sai da na'urar zuƙe datti a kai a kai, alhali fata tsumma mai ɗanshi ya ishe ta. Haka ruwan shayi ko madarar yara: ulu yana ɗan riƙe ruwa a sama kafin ya shanye, amma idan ya shanye, aiki ya samu. Turaren wuta da hayaƙin taba suna zama a yadi na tsawon lokaci. Fata mai haske kuma tana da nata abokan gaba. Shuɗin wandon jins yana kama ta, haka rinanniyar shadda ko duk tufar da aka tsoma a baba idan rinin bai gama zama ba. Turare mai sinadarin barasa da man wanke hannu da man kare fata daga rana suna cin rufin da ke kanta sannu a hankali, ko ta gaske ce ko ta kwaikwayo.

Wanne ya fi kare muhalli?

Da yawa daga masu sayen motar lantarki muhalli ne ya kawo su, kuma a nan kowane ɓangare yana da hujja. Masana'antar fata tana cewa ba don fata ake yanka saniya ba, don nama ne, kuma idan ba a jeme ta ba zubar da ita za a yi. Kamfanoni irin su Bridge of Weir na Scotland, wanda ke sayar wa Polestar fata, suna tallata cewa ana iya bin sawun kayansu har zuwa inda aka yi kiwo. Porsche yana da fatar da ake jemewa da ganyen zaitun maimakon gishirin ƙarfen kuromiyom da aka fi amfani da shi a duniya, wanda ke gurɓata ruwa idan ba a kula ba.

Masu suka kuma suna nuni da Kudancin Amurka. A 2020 ƙungiyar Earthsight ta Birtaniya ta wallafa binciken da ya danganta fatar wasu manyan motocin Turai da gandayen kiwon da aka kafa bayan sare dajin Chaco na Paraguay. A shekarar da ta biyo baya jaridar New York Times ta yi makamancinsa game da dajin Amazon na Brazil da motocin Amurka.

Kwaikwayon fata ya tsira daga wannan zargi, amma asalinsa man fetur ne, ba ya ruɓewa, kuma tsawon ransa shi ne abin tambaya. Zafi da laima suna narkar da irin robar da ake rufa shi da ita a hankali, har ta fara ɓarewa. Na manyan kamfanoni ya fi na da inganci nesa ba kusa ba, sai dai motar da za ta yi rayuwarta a Jidda ko Accra ko Douala tana fuskantar jarrabawar da ta Stockholm ba ta sani ba. Ulu ma daga dabba yake, don haka wanda ke guje wa duk abin da ya fito daga dabba ba zai same shi mafita ba.

Ranar gyara da ranar sayarwa

Fatar gaske tana tsufa a bayyane: tana sheƙi, tana tamoji, amma gwanin aiki zai iya cike tsagarta ya sake mata launi. Kwaikwayo idan ya fara ɓarewa sai dai a sauya fallen gaba ɗaya. Yadin ulu mai zane na musamman kuma, idan wuta ta huda shi, samun irinsa sai ta hannun kamfanin, abin da ke da wuya ga motar da aka yi jigilarta zuwa ƙasar da kamfanin ba shi da wakili. A kasuwar motocin hannu, musamman a Afirka ta Yamma da yankin Gulf, har yanzu fata ce mai saye ke fara dubawa, kuma wanda ke shirin sayar da motarsa a can bayan 'yan shekaru ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Akwai masu ganin sun tsallake duk wannan ta hanyar ɗinka wa kujerun riga. A irin waɗannan motoci hakan na da haɗari. Jakar iskar da ke kare haƙarƙari idan an yi karo tana ɓoye ne a gefen kujera, kuma an tsara ɗinkin wurin ya fashe cikin ƙiftawar ido. Rigar da ba a yi ta domin wannan motar ba tana iya tare jakar, tana toshe hujin iska, tana kuma iya rikita na'urar da ke gane ko akwai mutum a kan kujerar.