Yadda Ciwon Daji Ke Kai Wa Ga Ƙashi

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu mun ɗauka ƙashi abu ne matacce kamar dutse. Ba haka ba ne. Ƙashi na da rai, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki kullum: masu rushe tsohon ƙashi da masu gina sabo.

Mafi yawan ciwon dajin da ake samu a ƙashin manya ba a nan ya fara ba. Daga mama yake zuwa, ko huhu, ko ƙoda, ko wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Wasu ƙwayoyin ciwon kan ɓalle su faɗa cikin jini, kamar yadda ruwan Neja ke kwasar iri daga wata gona ya kai gaba. Yawancinsu kan mutu a hanya. Kaɗan ne ke isa ɓargo, inda jini ke tafiya a hankali, musamman a ƙashin baya, ƙugu da haƙarƙari.

A 1889 wani likita a Ingila, Stephen Paget, ya duba bayanan mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ce ciwon kamar iri ne, sai ya sami ƙasar da ta dace yake tsirowa. Manomin shinkafa a fadamar Yauri ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wayon ciwon. Ba ya cin ƙashi da kansa. Zuga masu rushewa yake yi su wuce gona da iri, ƙashin da aka rushe kuma ya saki sinadaran da ke ƙara wa ciwon girma, sai ya sake zuga su. Shi ya sa ƙashin ke yin rauni har ya karye ba tare da wani faɗuwa mai tsanani ba. Kalsiyam kuma ya yi yawa a jini, ya kawo ƙishirwa da ruɗewa.

Irin wannan karaya ba ta mai ɗori ba ce, domin ciwon na nan cikin ƙashin. Idan babba a gida na fama da ciwon baya da ke tsananta da dare, makonni bai lafa ba, a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato na da sashen gashi, wanda ke rage zafin ciwon ƙashi sosai.