Wasan da Aka Ƙera Don Taron Jama'a

A shekarar 1984 kamfanin Namco na ƙasar Japan ya fitar da wani wasan bidiyo mai suna The Tower of Druaga, irin wanda ake girkewa cikin dogon akwati a gidajen wasa, mutum ya jefa tsabar yen 100 ya buga har ya faɗi. Labarinsa ba wuya: jarumi Gil zai hau hasumiya mai hawa 60 ya ceto wata mai suna Ki daga hannun dodo Druaga. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne kusan kowane hawa akwai akwatin taska da ba ya bayyana sai an cika wani sharaɗi, kuma wasan bai faɗi sharaɗin ba ko da a kaikaice. A hawa na farko sai ka kashe wasu korayen halittu masu yauƙi guda uku sannan ka samu diga ta fasa bango. A hawa na 31 kuwa, madannin fara wasa za ka latsa, wanda ba mai tunanin ya sake taɓa shi bayan an shiga. Wanda ya tsallake wasu taskokin ba zai iya kammalawa ba, ko da ya kai ƙoli.

Da yawa suna ganin wannan zalama ce tsagwaronta, tunda duk faɗuwar ɗan wasa wata tsabar ce a aljihun mai gidan wasan. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin an ƙera akwatunan wasan ne su kawo kuɗi. Sai dai in kuɗi kaɗai ake nema, ƙara saurin abokan gaba ya wadatar, ba sai an wahala wajen tsara sirri hawa-hawa ba. Ni a ganina, Masanobu Endo da ya tsara wasan ya lura da inda ake buga shi. Gidan wasa fili ne na jama'a, mutum ɗaya yana bugawa, wasu suna leƙe ta bayan kafaɗarsa. Abin da ɗaya ya yi tuntuɓe da shi bisa sa'a, idanu da yawa sun gani. Shi ya sa a gidajen wasa na Japan aka riƙa ajiye littafin rubutu, kowa ya rubuta abin da ya gano, na gaba ya gwada ya gyara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da gangan aka yi jinkar da nauyi.

Endo ya riga ya gwada ɓoye sirri a wasan Xevious na 1983, inda ya binne hasumiyoyi a ƙasa, ba a ganinsu sai an jefa musu bam. Kamfanin Taito ma ya bi sahu a Bubble Bobble na 1986: kyaututtukan da ke faɗowa kamar sa'a, lissafi ne injin ke yi a ɓoye na yawan tsallen ɗan wasa da kumfar da ya hura, kuma ƙarshen labarin na ainihi ba ya samuwa sai an gama da mutum biyu. Wato wasan da kansa yake tura ka neman aboki.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta rashin adalci. Kacici-kacici mai kyau yana ɗauke da amsarsa a cikin tambayarsa, mai kaifin basira zai iya ciro ta. Xevious ya kiyaye wannan, don alamar saitin bam tana canja launi idan ta hau kan abin da aka binne. Druaga bai ba da irin wannan alama ba, har ma wasu akwatunan taskar cutarwa suke yi. A nan na yarda ya wuce gona da iri, kuma wanda ya zauna shi kaɗai a ɗaki yau ya buga shi ba tare da jagora ba yana da hujjar yin fushi. Amma ya sani yana buga rabin wasan ne, ɗaya rabin yana cikin littafin nan da hirar da ake yi a gefen akwatin wasan. A wurin da aka yi shi dominsa, tsarin ya yi aiki, 'yan wasan Japan sun haɗa kai sun kai hawa na 60.