Kilisa Da Kare: Abin Da Ke Faruwa Tsakanin Kofato Da Haƙori

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar dawakai za mu yi, da karnuka. Na san wani zai ce to ina ruwanmu, mu da ko akuya ba mu ajiye ba? Ka dai tsaya ka ji. Samarin da ke hawan doki a Kano da Zariya da Katsina ba kaɗan ba ne, wasu nasu ne, wasu haya suke ɗauka. Cikin gari kuma ya cushe da motoci da adaidaita, shi ya sa da yawa suke gangarawa bayan gari su yi kilisarsu. Sabon yayin da nake gani shi ne a fita da kare yana bin doki, a ɗauki bidiyo a ɗora a TikTok. Abin yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma ni na ga ɗaya fuskar.

Bara bayan girbi mu biyar muka fita. Ɗaya daga cikinmu ya taho da karensa, irin manyan nan masu tsayayyun kunnuwa da 'yan sanda ke aiki da su. Kare mai ladabi a gida, wallahi ka ce zauna ya zauna. Muna gangarawa wata fadama sai ga tumaki suna kiwo a cikin karan dawa. Kafin mai shi ya buɗe baki, kare ya yi cikinsu. Ya kira, ya kira, ko waiwaye. Karnukan makiyayin guda biyu suka taso masa, shi kuma da ya ga ba dama sai ya juyo da gudu wurin ubangidansa, ya shige ƙarƙashin cikin ingarman. Kun ga karnuka uku ke nan suna faɗa tsakanin ƙafafun doki. Dokin ya yi harbi, ya yi tabarya, abokinmu ya faɗo a kan hannu ya karye a tsintsiya. Karen ya samu karaya a haƙarƙari. Wata tunkiya mai ciki ta ji rauni, muka wuni a zauren mai unguwa har magariba ana lissafin abin da za mu biya. Mutumin nan da yana da zafin zuciya, da labarin ba haka ya ƙare ba.

Tun ranar nake bin diddigin abin, kuma na gane ba ƙaddara ce kawai ba. Akwai dalilai, kuma ana iya fahimtarsu.

Mu fara da dokin. Duk girmansa, doki dabba ce da aka halitta ana farautarta, ba ita ke farauta ba. Makaminsa na farko gudu ne, na biyu harbi. Idanunsa a gefen kai suke, shi ya sa yake ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba. Amma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai bayansa wajen wutsiya, da kuma dab da hancinsa zuwa ƙasan ƙirji. To ina kare ya fi son tsayawa? Daidai wuraren nan biyu. Ko dai yana shinshinar dugadugai ta baya, ko yana gilmawa ta gaban hanci. Doki ya ji motsi a inda ba ya gani, motsin kuma na dabba mai kama da kyarkeci, ba zai tsaya bincike ba. Zai saki ƙafa. Ba mugunta ba ce, ka gane, haka jikinsa yake aiki. Yana ma ba da sanarwa kafin ya yi: kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta fara kaɗawa da ƙarfi, bayansa ya ƙame a ƙarƙashin sirdi. Mahayin da hankalinsa ke kan kyamarar waya ne ba ya jin wannan.

Shi kuma kare akasin haka ne. Abin da ya gudu, zai bi. Zomo ne, fakara ce, ɗan rago ne, yaro ne a kan keke, duk ɗaya ne a wurinsa idan jinin ya motsa. Ladabin da yake maka a tsakar gida, inda ba abin da ke gudu, ba ya nuna komai game da abin da zai yi a daji. Ga kuma wani abu da mutane ba sa lura: kana ƙasa kana da hannu biyu da igiya, kana iya damƙo wuyansa. Da ka hau doki, ka rabu da duk wannan. Hannunka na kan linzami, kana sama da shi da fiye da mita ɗaya da rabi. Muryarka kaɗai ta rage maka. Idan muryar ba ta juyo da shi, ba ka da kare, kana da matsala mai ƙafa huɗu.

Wasu sai su ce ai sauƙi ne, a ɗaure igiyar karen a jikin sirdi. Don Allah kar ka soma. Doki ya zabura zai ja karen a ƙasa. Karen ya zagaya, igiya ta naɗe ƙafafun doki, ku ukun ku zube. Haka ma naɗe ta a hannunka.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda waɗanda suka daɗe suna haɗa doki da kare suka ɗauki lamarin. A Ingila sun shafe ɗaruruwan shekaru suna farautar yanyawa a kan dawakai da garken karnuka, har majalisarsu ta yi dokar hana farautar namun daji da karnuka a 2004, ta fara aiki a Fabrairun 2005 a Ingila da Wales. Ba farautar nake yabo ba, tsarin nake so ku duba. Karnuka ne da dama, amma akwai mutum guda da ke jagorantarsu da ƙaho da murya, akwai kuma mataimaka a gefe da aikinsu kawai dawo da wanda ya ɓalle. Tun suna ƙanana ake zagayawa da su cikin tumaki ana tsawata musu har su daina ɗaga kai su kalle su. Dokin da aka san yana harbi, ana ɗaura masa jan ƙyalle a wutsiya don kowa ya ba shi tazara; sabon doki kuma kore. Idan karnuka za su wuce, ƙa'ida ce mahayi ya juyo da kan dokinsa ya fuskance su, don kada su bi ta bayansa. Dokinka ya harbi kare, babban abin kunya ne, ana iya sallamarka gida. Kuma tun 1953 suke da dokar da ta mai da shi laifi karenka ya tayar wa dabbobin manomi hankali a gona. Wato su ma sun sha irin zaman da muka yi a zauren mai unguwa, har suka rubuta shi a doka.

Akwai ma karen da aka raina musamman don wannan aiki, farin nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ake kira Dalmeshiyan. A ƙarni na 18 da na 19 shi ke gudu a gefen keken doki na masu kuɗi a Ingila, yana kwana a barga tare da dawakan. Daga baya 'yan kwana-kwana a Amurka suka ɗauke shi, lokacin da dawakai ke jan motar kashe gobara. Mu ma nan kusa muna da namu gwanin gudun, karen Azawak na Buzaye, siriri mai dogayen ƙafafu, daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Shi zafin Sahel bai dame shi kamar yadda yake damun karnukan Turai masu kaurin gashi ba. Sai dai fa idonsa na kan abin da ke gudu, shi ya sa dawo da shi ya fi wuya.

To idan duk da haka kana so ka yi, ta ina za a fara? A barga, ba a daji ba. Doki na turke, kare na hannun wani da igiya, su yi kwanaki suna ganin juna har abin ya gundure su. Gundurar nan ita ake nema. Karen da ke zumuɗi yana haushi idan ya ga doki bai shirya ba. Daga nan ka ja dokin da ragama kana tafiya a ƙasa, wani na riƙe da karen a gefe. Sai ka hau, shi mai riƙon yana nan dai a ƙasa. Wurin da za ka koya masa ya tsaya shi ne gefenka, daidai likkafa, da tazarar taku biyu ko uku, inda kai da dokin duk kuna ganinsa. Wannan ba aikin mako ɗaya ba ne.

Jarrabawar da ni nake ganin ita ce ta gaskiya: ka sa masa doguwar igiya, ka kai shi inda kaji ko awaki ke wucewa, ka bari hankalinsa ya tafi kansu, sannan ka kira shi sau ɗaya. Sau ɗaya fa. Idan sai ka kira sau uku, ko sai ka ja igiya, to a bar shi a gida tukuna. Kuma ya san kalma ta biyu, wadda ke sa shi ya kwanta a inda yake ko da yana nesa da kai. Wata rana za ka so ya tsaya can, ba ya rugo wurinka ba, misali mota ta shiga tsakaninku, ko irin ranarmu da ya jawo mana karnukan wasu.

Shanu kuma nasu daban ne. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta gudun kare, kansa take yi. Ka hango garke a burtali, ka kira karenka tun daga nesa, ka sauka ka sa masa igiya, ka yi wa mai shanu sallama ku zagaye. Da damina kuwa gonakin mutane ba filin sukuwa ba ne. Yadda ake zaman ɗar-ɗar a ƙauyuka yanzu, baƙin samari a kan dawakai da karnuka abin tambaya ne, don haka a tsaya a gaida mai unguwa a faɗi ko su waye.

Sai zafi, wanda shi ke kashe kare a ɓoye. Doki yana gumi ta duk jikinsa. Kare kusan da haki kawai yake huce jiki. Doki a tafiyarsa ta yau da kullum yana cin kamar kilomita 6 zuwa 7 a awa, a sassarfa wajen 13, a sukuwa ya haura 40. Kai kana zaune iska na kaɗa ka, shi yana ƙasa dab da yashi mai ƙuna, kuma ba zai tsaya ba, don tsoron kada ka tafi ka bar shi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Ya haura 41 an shiga haɗari. A watan Afrilu da garinmu kansa ke wuce 40, fita da shi da rana zalunci ne. Ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi ko yana neman inuwa ya kwanta, ka tsaya nan take, ka jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa, ka ba shi ya sha kaɗan-kaɗan. A fita da sassafe ko bayan la'asar, da gorar ruwansa daban. Kwikwiyon da bai shekara ba kuwa gaɓoɓinsa ba su ƙosa ba, kar a sa shi dogon gudu. In an dawo a duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya da tsidau, a duba kunnuwa saboda kaska.

Ga wani da ban sani ba sai da likitan dabbobi ya gaya mini. Karnuka na cin kashin doki, ƙazanta ce amma suna yi. Idan ka ba dokinka maganin tsutsar ciki irin Ivermectin, wani kaso yana fita a kashin na 'yan kwanaki, kuma akwai karnukan da jininsu ba ya ɗaukarsa, musamman jinsin Koli na kiwon tumaki da danginsu. Wanda ya zubo daga bakin dokin a ƙasa ya fi ma haɗari, don awon na dabba ce mai kilo ɗaruruwa. Kwanakin da aka ba da magani a raba kare da barga.

Ba zan bar maganar ba sai na taɓo ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamu sun bayyana, kusan ba a tashi. Doki ma yana kamuwa. Karen da ka kai daji zai haɗu da karnukan da ba wanda ya taɓa yi wa allura, ya dawo gidan da ƙannenka ke wasa. Ana yi masa rigakafi tun yana wata uku, ana kuma sabuntawa. A nan Najeriya cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar. Idan an ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kar a jira a ga ko karen zai haukace.

Na san akwai masu jiran in zo kan addini. Ni ba malami ba ne, amma abin da aka karantar da mu shi ne an yi izinin ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. Ajiye shi don ado da bidiyo kawai, wannan ka tambayi malaminka, kar ka ce ni na ba ka fatawa.

Abokin namu hannunsa ya warke, karen ma ya tashi, sai dai har yau in ya hango doki yakan shige ƙarƙashin mota. Wanda ya taɓa fita da karensa, ko maharban da ke cikinku da suka fi mu sanin daji, ku rubuto mana a ƙasa yadda kuke hana naku bin tumaki, zan karanta wasu a shiri na gaba. Sai mun haɗu.