Ninkin da tela ya bari a ƙafar wando

Duk shekara idan azumi ya raba tsakiya, Inna takan tasa mu gaba zuwa shagon tela a bakin kasuwa, da shadda a ƙunshe cikin leda. Tela ya ɗauko tef ya gwada kafaɗa, ya gwada hannu, ya durƙusa ya gwada tsawon wando. Kafin ya rubuta awon a littafinsa sai Inna ta ce, "Malam, a bar masa ninki. Yaro ne, girma zai yi." Shi kuma ya gyaɗa kai, don ba yau ya fara jin wannan magana ba. Ranar Sallah wando zai zauna daidai ƙafa, amma idan ka juya bakinsa ta ciki za ka tarar da yadi kamar faɗin yatsu huɗu a kalmashe, an bi shi da ɗinki. Babbar Sallah ta zo ta wuce, wata ƙaramar ta zagayo, idon sawu ya fara leƙowa. Sai Inna ta sa reza ta warware ɗinkin, ta bi wurin da dutsen guga, wando ya koma daidai. Shatar tsohon ninkin ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma yadin ɗaya ne, launin ɗaya ne, ba wanda zai ce an yi ƙari.

Akwai shekarar da wani tela ya manta, ya yanke yadin cif. Da wandon ya ɗage, ba yadda aka iya sai aka nemo wani ƙyalle mai kama da shi aka jona. Daga nesa ba laifi. Daga kusa kuwa duk yaron unguwa ya san maho ne, kuma sai da suka faɗa mini.

Wannan ninki nake tunawa duk lokacin da gardama ta kaure a falonmu kan wasan kwaikwayo na talabijin. Gardamar kusan iri ɗaya ce kullum. Wani da muka saba gani a shiri da rashin ji, ko rowa, ko faɗa, sai a wayi gari ya yi abin hankali, ya ba wani haƙuri, ko ya zubar da hawaye. Gwaggo, wadda ba ta yarda kowa ya taɓa rimot idan lokacin shirinta ya yi, sai ta tafa hannu ta ce, "Shi ke nan, sun ɓata shi. Da ba haka yake ba." Ƙanwata ta ce, "Haba Gwaggo, shekara nawa muna kallonsa? Mutum ba zai yi hankali ba?" Gwaggo ta ce, "Ke dai yi shiru, 'yar nan. Hali zanen dutse ne." Daga nan kowa ya kama ɓangare, har a gama shirin ba a ji rabin abin da aka faɗa ba.

Na daɗe ina tsammanin bambancin shekaru ne kawai: tsofaffi na son abin da suka saba, yara na son sabo. Da na ƙara lura sai na ga ba kowane canji Gwaggo ke ƙi ba. Akwai wanda take karɓa da hannu biyu, har ta ce, "Ai ni dama na san yaron nan yana da kirki a ciki, wahala ce ta sa shi haka." Kalmar "dama" ita ce mabuɗin. Idan ta ce dama, to marubucin ya bar ninki tun farko, yanzu ya warware. Idan ta ce sun ɓata shi, galibi maho aka yi.

Waɗanda suka tashi da Samanja Mazan Fama a NTA Kaduna ba su san irin wannan gardama ba. Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya yi shekaru yana fitowa cikin kaki da Hausarsa mai gauraye da Turancin bariki. Samanjan makon jiya shi ne na makon nan. Duk rikicin da ya taso a farkon wasa zai kwanta kafin a tashi, mako mai zuwa a sake sabon lale. Har Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 2023, mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba, Samanja kawai suka sani. Haka Rabilu Musa ya zauna a bakin jama'a a matsayin Ibro har ya rasu a Disambar 2014. Irin wannan wasa hular dattijo ce: kai ya gama girma, lambar da aka saya bana ita za a saya baɗi.

Shiri mai dogon zango ya zo da wani al'amari dabam. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma Daɗin Kowa na cikin shirye-shiryen da ta fara yin suna da su, har ya ci kyautar AMVCA ta ɓangaren Hausa a 2016. Labarin gari guda ne da ke tafiya ba ya komawa baya. Abin da aka yi bara yana da tasiri bana. Yaran da suka shiga shirin suna ƙanana sun girma a gaban idonmu, murya ta buɗe, tsawo ya ƙaru, kuma ba marubucin da ya isa ya hana. Masu zanen The Simpsons a Amurka sun huta da wannan, domin tun 1989 Bart yana nan a shekara goma, tunda alƙalami ne ya haife shi. Ɗan mutum kuwa sai ya girma. Idan jiki ya girma aka bar hali a inda yake, za a ga saurayi mai gemu yana shirmen ɗan firamare, kamar ƙato cikin wandon yaye.

To amma barkwanci yana da nasa sharaɗi, kuma a nan ne nake tausaya wa marubutan. Ɗauki Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. Abin da ke juya shirin gaba ɗaya abu biyu ne: rowar Alhaji Badamasi, wanda Magaji Mijinyawa ke fitowa a matsayinsa, da kwaɗayin tarin 'ya'yansa, irin su Ɗankwambo, da idonsu ke kan dukiyar tsoho. Ranar da Alhaji ya buɗe hannu ya raba wa kowa rabonsa, ko ranar da 'ya'yan suka haƙura kowa ya kama sana'a, ranar shirin ya ƙare. Mai kallo ya san haka a ransa ko da bai faɗa ba. Shi ya sa yake tsorata idan ya ga alamar wani zai shiryu. Abin da yake tsoro shi ne kada a ɗauke masa abin da ke ba shi dariya bayan ya wuni yana fama da rana da tsadar kasuwa, ya kuma sayi fetur ya zuba a janareta don wannan awa guda.

Duk da haka akwai yadi a kalmashe a cikin Badamasi, ga duk wanda ya duba ta ciki. Tsoho ne a keken guragu, kewaye da 'ya'yan da bai tabbata ko shi suke so ko aljihunsa ba. Wane mai kuɗi ne ya tsufa bai taɓa kwana da wannan tunani ba? Da marubuci zai so wata rana ya nuna mana shi shi kaɗai a ɗaki, yana sauraron hayaniyarsu daga tsakar gida, fuskarsa ta canza na ɗan lokaci, ba zai buƙaci ƙyallen aro ba. Rowar tana nan, gobe ma zai hana su kuɗin cefane, amma mun hango inda ta samo asali. Na tabbata Gwaggo za ta ce, "Allah sarki, ai dama."

Misali mafi bayyana da na sani na warware ninki daga Amurka yake. The Fresh Prince of Bel-Air ya gudana daga 1990 zuwa 1996, labarin wani saurayi ɗan Filadelfiya, Will, da mahaifiyarsa ta tura gidan 'yar'uwarta a unguwar masu kuɗi. Shekara huɗu ana dariyar bakinsa da rashin kunyarsa da yadda yake tsokanar mijin innarsa, Phil. A 1994 aka kawo mahaifinsa, wanda ya tafi ya bar shi shekara goma sha huɗu, ya dawo ya yi masa alkawarin tafiya tare, sannan ya sake zamewa. Will ya fara da nuna ko a jikinsa, yana ta surutu kamar yadda ya saba, har murya ta karye ya fashe da kuka, Phil ya rungume shi. Har yau idan ana zancen shirin wannan wurin ake fara ambata. Ba a ji mutane na cewa an ɓata Will ba, domin tun kashin farko an san uwa ce kaɗai ta raine shi. Ramin yana nan, barkwancin ne ya rufe shi. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan 'yar'uwarsa ya san irin yaron nan mai yawan wasa da dariya, wanda ba ya son a ambaci ubansa.

A shirin nan dai aka yi maho da ya fi kowanne fitowa fili. A 1993 Janet Hubert, wadda ke fitowa a matsayin Vivian, innar Will, ta bar shirin, aka kawo Daphne Maxwell Reid ta ci gaba da sunan. Ba fuska kaɗai ta canza ba. Vivian ta farko mace ce mai kaifi da tsayawa kan magana, ta biyu ta fi sanyi. Fiye da shekara talatin ke nan masu kallo ba su daina kwatanta su ba. Ba laifin 'yar wasa ta biyu ba ne, ta yi aikinta. Ido ne ba ya mantuwa da launin yadin farko.

Akwai kuma wata ɓarnar da masu kallo ke jawowa da bakinsu. Tela ya yi wa riga aiki a wuya, aka yaba. Sai ya ƙara a aljihu, aka yaba. Kafin a ankara ya cika gaba da baya da zare, riga ta yi nauyi ba ta saɓuwa. Haka marubuci ke yi idan ya ga wane hali ne ke sa mutane dariya, ya dinga ƙara masa gishiri zango bayan zango. Maƙwabcin nan na The Simpsons, Ned Flanders, ya fara ne a matsayin mutumin kirki mai zuwa coci, a hankali aka mayar da shi ba shi da wani zance sai tsananin addini, har masu sharhi suka ɗauki sunansa suka laƙaba wa wannan cuta. A namu shirye-shiryen ma haɗarin yana nan. Faɗan Kamaye da Adama a Daɗin Kowa yana da daɗi ne saboda mun san miji da mata ne da talauci ke matsa wa, kuma akwai zaman tare a ƙarƙashin hayaniyar. Da za a bar faɗan kaɗai a cire zaman, da sai ya koma ihu kawai. A wannan hali mai kallo zai ce shirin ya daina daɗi, ya rasa dalili, alhali abin da ya yi ta tafa wa ne aka ƙara masa har ya gundure shi.

Ban ce Gwaggo kullum tana da gaskiya ba. Wani lokaci ninkin yana nan sarai, an warware shi da kyau, ita ce dai ba ta shirya ba. Na gane haka ranar da ta dawo daga Kano da tsarabar riga ga jikanta, ta sayo daidai jikinsa na shekara biyu da suka wuce. Yaron ya sa, hannu ya tsaya a gwiwar hannu. Ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Yaushe ka yi wannan tsawon?" A gabanta ya yi shi, kullum suna tare. Idonta ne ya riƙe hoton da ya fi so. Mutanen cikin talabijin ma haka ta riƙe su. Ta fara kallonsu Kawu yana da rai, yana zaune a kujerar da ke kusa da taga yana gyara mata sunayen da ta rikita. Idan suka canza, lissafin shekarun ne ke faɗo mata gaba ɗaya.

Ƙanwata ba ta kai ga fahimtar wannan ba tukuna, shi ya sa take ja da ita. Ni na daina shiga tsakani. Makon da ya wuce, bayan ta rantse ta gama da shirin tunda sun lalata mata mutuminta, Gwaggo ta idar da sallar isha'i, ta naɗe darduma, ta jawo kujerarta gaban talabijin tun ana talla. Ta ce da ƙanwata, "'Yar nan, ƙaro mana murya, mu ji ko yau zai dawo hayyacinsa."