Mai Gida Ya Rasu, Haraji Bai Rasu Ba

 Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa, to amma a Amurka akwai abin da ba ya bin mamaci kabari, wato harajin gida. Yau can za mu leƙa mu ga yadda gidan gado ke suɓuce wa magada, da irin wahalar da wanda ya saya ke sha kafin gidan ya zama nasa.

A can kusan kowane gida ana biya masa haraji duk shekara, galibi gunduma ce ke karɓa. To mu ɗauka dattijo ya rasu bai bar wasiyya ba, 'ya'ya sun watse, wannan na gabas wancan na yamma, kowa na cewa ai yaya zai kula. Takardar haraji na ta zuwa da sunan mamaci, babu mai buɗewa. Bashin kuwa kan gidan yake hawa, ba kan mutum ba.

Ita hukuma ba ta jira. A jihar Fulorida bashin take yin gwanjonsa. Wanda ya saya ya biya harajin, a ba shi takarda mai kuɗin ruwa da kan kai kashi 18 cikin ɗari, in an shekara biyu ba a fansa ba yana iya neman a sayar da gidan. A Arizona ruwan kan kai kashi 16, jira kuma shekara uku. A Tekzas gidan ake sayarwa, amma in gidan zaman iyali ne suna da shekara biyu su fansa, da ƙarin kashi 25 a shekarar farko, kashi 50 a ta biyu.

Kai kuwa mai saye kada ka yi saurin murna, ba a nan gizo ke saƙar ba. Takardar gwanjo na hannunka, amma kamfanonin inshorar mallaka sukan ƙi tsaya maka, banki kuma ba zai ba mai son saye daga gare ka rance ba sai da inshorar. Dalili? Da mutum ya cika haƙƙinsa ya koma kan magada, doka kuma ta ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai an sanar da shi. Wasiƙar da aka aika wa mamaci wa ta sanar?

Dubi abin da ya sami Gary Jones na jihar Arkansas, wanda ma yana raye. Sun rabu da matarsa a 1993 ya bar mata gidan. Da ya gama biyan bashin gidan a 1997 sai haraji ya tsaya, don dā kamfanin rancen ke biya. Wasiƙun hukuma suka dawo ba a karɓa ba, aka sayar da gida. A 2006 Kotun Ƙoli ta ce in wasiƙa ta dawo, dole hukuma ta ƙara ƙoƙari kafin ta sayar. To ina ga wanda ke kwance a ƙasa?

Saboda haka mai saye sai ya ɗaura ɗamara. Ya je ofishin rajistar filaye ya ga wa da wa ke bin gidan bashi. Ya nemo takardar shaidar rasuwa, ya duba ko an buɗe shari'ar rabon gado. Ya bi sawun magada ɗaya bayan ɗaya, har 'ya'yan auren fari da aka manta da su. Wanda ya yarda sai a ba shi wani abu ya sa hannu ya saki haƙƙinsa. In ba su samu ba, sai lauya ya shigar da ƙarar tabbatar da mallaka, a buga sanarwa a jarida, kotu kuma takan naɗa lauyan da zai tsaya wa magadan da ba a sani ba. In hukumar harajin tarayya na bin mamacin, ita ma tana da kwana 120 ta fanshi gidan. Sai alƙali ya yanke hukunci sannan hankali ya kwanta.

Su ma magada ba a bar su haka ba. Geraldine Tyler, tsohuwa 'yar shekara 94 a jihar Minesota, ana bin ta dala 15,000, gunduma ta sayar da gidanta dala 40,000 ta riƙe duka. A 2023 alƙalan Kotun Ƙoli baki ɗaya suka ce rarar ba ta hukuma ba ce. Don haka ko gida ya tafi, magada su je su nemi rarar kafin wa'adi ya wuce.

'Yar'uwa, in kina da dangi a can ki isar musu da wannan. Bayan an share makoki a zauna a yi magana: wa zai riƙa biyan haraji, ina takardu za su riƙa zuwa, yaushe za a kai maganar gado kotu a sauya suna? Kunyar tambaya ita ke jawo kukan da-na-sani, ita kuwa ƙeya ce, a baya take. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.